Alƙalamin Baƙo, Bakin 'Yan Gida: Sharhi a Kan Littafin P. F. Kluge

Littafin da zan yi sharhi a kansa ba na Hausa ba ne, ba kuma a kan ƙasar Hausa aka rubuta shi ba. Sunansa The Edge of Paradise, watau Gefen Aljanna, wanda wani Ba'amurke mai suna P. F. Kluge ya wallafa a 1991. Mai karatu zai iya cewa, to me ya kawo shi cikin mujallar Ƙungiyar Hausa? Abin da ya kawo shi wata tambaya ce da ta shafi duk mai nazarin harshe da adabi. In baƙo ya ɗauki alƙalami ya rubuta "mu" da sunan wata al'umma, al'ummar kuma ta karanta, ta amince, ta sa hannu, maganar ta wa ce? Kluge ya taɓa yin wannan aiki. Ya je tsibiran Maikronesiya a 1967 yana ɗan sa kai, ya rubuta wa shugabanninsu jawabai, sa'an nan a 1975 shi ya tsara gabatarwar tsarin mulkinsu. Littafin nasa labarin komawarsa ne don ya ga inda wannan "mu" ya kwana.

Ƙasar da ake magana a kanta

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san wurin. Maikronesiya tarin tsibirai ne fiye da 2,000 a yammacin Tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Filifin. In aka tara ƙasarsu duka wuri ɗaya ba za ta wuce murabba'in mil 700 da 'yan kai ba, amma ruwan da suka warwatsu a cikinsa ya yi kusan faɗin Amurka kanta. Ko sunan ma ba nasu ba ne, Faransawa masu zanen taswira suka laƙaba musu shi wajen 1831 daga kalmomin Girkanci, ma'anarsa ƙananan tsibirai. Mutanen Palau da Yap da Truk da Ponape da Kosrae da Marshal da Mariyana, kowa da harshensa, kowa da sarautunsa. Truk ita ake kira Chuuk yanzu, Ponape kuma Pohnpei. Sifaniya ta riƙe su, Jamus ta riƙe su, Japan ta ƙwace a 1914, Amurka kuma ta fatattaki Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta danƙa su amana a hannun Amurka, bisa sharaɗin ta kai su ga mulkin kai.

Irin wannan riƙo ba baƙo ba ne gare mu, domin Arewacin Kamaru ma ƙasar amana ce a hannun Ingila har 1961, sa'ad da mutanenta suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Sai dai amanar Maikronesiya ta bambanta da sauran ƙasashen amana goma. Ita kaɗai aka ce ta tsaro ce, watau Amurka tana da ikon kafa sansanin soja, ta rufe duk inda ta ga dama, kuma Kwamitin Sulhu ne mai sa ido, inda Amurkan take da kujerar na-ƙi. Amurka ta tayar da mutanen Bikini da na Enewetak daga gidajensu, ta gwada makaman nukiliya har sau 67 tsakanin 1946 da 1958. Tokar gwajin ranar 1 ga Maris 1954 ta zubo a kan mutanen Rongelap suna zaune a ƙasarsu.

Yadda 'yan sa kai suka shigo

A 1961 wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya suka zagaya tsibiran, suka rubuta rahoto mai zafi a kan sakacin Amurka wajen makarantu da asibitoci da hanyoyi. Shugaba Kennedy ya ji kunya, ya ƙara kuɗin da ake kashewa, ya kuma tura wata tawaga a ƙarƙashin Anthony Solomon a 1963. Rahoton Solomon bai yi kwana-kwana ba. Shawararsa ita ce a zuba kuɗi, a yaɗa Ingilishi, a shirya mutanen yadda ranar da aka ce su jefa ƙuri'a za su zaɓi zama da Amurka har abada. Cikin hanyoyin da ya ambata har da kawo Peace Corps, watau rundunar samari 'yan sa kai da Kennedy ya kafa a 1961. An ɓoye wannan sashe na rahoton, sai a 1971 ɗaliban tsibiran da ke karatu a Hawai suka buga shi a 'yar jaridarsu, kowa ya gani.

'Yan sa kai suka fara sauka a 1966. Kafin 1968 ta ƙare sun kai wajen 900, a ƙasar da mutanenta duka ba su wuce 100,000 ba. Watau kusan kowane mutum ɗari da nasu Ba'amurken, abin da ba a yi a wata ƙasa ba. Takardar tallar da aka ja hankalinsu da ita kuwa Aljanna ta ce za a tafi. Mai karatu ya riƙe wannan kalma, za mu komo kanta.

Jigo da zubi

Yawancin 'yan sa kai ƙauyuka aka tura su koyar da Ingilishi. Kluge kuwa, da yake ya zo da digirin dakta daga Jami'ar Shikago, a hedkwata aka ajiye shi, a Saipan, yana editan mujallar gwamnati mai suna Micronesian Reporter. Can ya ƙulla abota da wani saurayi ɗan majalisa, mutumin Palau, Lazarus Salii. Salii ne shugaban hukumar da majalisar tsibiran ta kafa a 1967 don ta duba makomarsu, shi ne kuma ya fi kowa tallata ra'ayin da aka kira ƙawance na ganin dama: tsibiran su riƙe mulkin cikin gida, Amurka ta riƙe tsaro ta kuma biya kuɗi, kowa yana da ikon janyewa. A 1985 ya zama shugaban ƙasar Palau bayan an harbe Haruo Remeliik, shugaba na farko. Ranar 20 ga Agusta 1988 aka same shi a gidansa a Koror da harsashi a ka, hukuma ta ce shi ya kashe kansa. A lokacin ana zarginsa da karɓar kuɗi daga wani kamfanin Ingila da ya gina tashar lantarki wadda ta jefa ƙasar cikin bashi.

Wannan mutuwa ita ce ginshiƙin littafin. Marubucin ya bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya, yana ganawa da tsofaffin abokai, yana gwada abin da ya gani yanzu da abin da ya bari, har ya dangana da Palau. Saboda haka zubin littafin tafiya ce, amma tafiyar ta'aziyya. Babban jigonsa kuwa ɓacin buri ne, na Salii, da na Amurka, da na marubucin kansa.

Abin yabo

Gaskiya ɗaya ce, Kluge ya iya rubutu. Salonsa na ɗan jarida ne mai kaifin ido, ga barkwanci mai ɗaci, ba ya kuma jan magana. Ya nuna tarkacen motoci da gwangwanayen giya a bakin teku, da ofisoshin da suka cika da ma'aikata alhali kuɗin albashinsu daga Washinton yake zuwa, da abincin gwangwani da ya kori na gona. Bai wanke ƙasarsa ba. Ya nuna Amurka ta shiga riƙon amana ba tare da ta san abin da take so ta yi da mutanen ba, in ban da ta hana wata ƙasa shigowa. Bai kuma mayar da amininsa waliyyi ba, ko da yake ƙaunar da yake masa ba ta ɓoyu ba. Wannan abu ne mai wuya, mutum ya yi makokin aboki ba tare da ya rufa masa asirin da bai kamata a rufa ba. A nan littafin ya fi ƙarfi, kuma don wannan kaɗai ya isa a karanta shi.

Inda na rabu da shi

Matsalata ta fari da littafin ita ce wanda ake yi wa magana. Mu a nan mun san labarin Margery Michelmore, 'yar sa kai ta Peace Corps da ta rubuta kati zuwa gida daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a watan Oktoba 1961, tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗi, ɗalibai suka tsinta, suka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Ba ina daidaita ta da Kluge ba ne, shi ya san tsibiran shekara da shekaru, ita kuwa makonni kawai ta yi. Amma adireshin da ke bayan takardar ɗaya ne. Ƙaramin sunan littafin ma ya faɗa, Amurka ce a Maikronesiya. Ba'amurke ne ke gaya wa Amurkawa abin da ƙasarsu ta aikata, mutanen tsibiran kuma su ne shaidar da aka kawo gaban alƙali. Muryoyin da suka fi fitowa na 'yan siyasa ne da Turawan da suka zauna can, watau masu jin Ingilishi, mutanen hedkwata irin marubucin.

Daga nan ne mai karatu da bai san tarihin wurin ba zai iya ɗauka cewa hasken siyasa tare da samarin Amurka ya sauka. Lissafin shekaru bai yarda da haka ba. Majalisar Maikronesiya ta yi zamanta na farko a Saipan a watan Yuli 1965, fiye da shekara guda kafin ɗan sa kai na farko ya taka ƙasar. Mutanen da suka cika ta, irin su Tosiwo Nakayama na Truk da Amata Kabua na Marshal da shi Salii, sun riga sun goge a majalisun gunduma ko a Jami'ar Hawai. Su ne a 1969 suka ce ƙawance na ganin dama suke so, in bai samu ba a ba su cikakken 'yanci. Su ne a 1970 suka mayar wa Amurka tayin da ta yi na su zama wani yanki nata. Amurka ma ta san ba da yara take ciniki ba, tun da a 1976 jaridar Washington Post ta tona cewa hukumar leƙen asiri ta CIA tana satar sauraron wakilan tsibiran.

Ba kuwa cewa nake yi 'yan sa kai ba su yi komai ba. Sun yi, har ma abin da waɗanda suka turo su ba su so ba. Akwai lauyoyi a cikinsu da suka nuna wa mutane yadda ake kai ƙarar gwamnati a kan filayen da aka karɓe, suka taimaka wa majalisun gunduma wajen tsara dokoki. Abin bai yi wa manyan soja daɗi ba, a 1969, zamanin Nixon, aka shiga janye lauyoyin. Ingilishin da Solomon ya so ya zama igiyar ɗaure tsibiran a gindin Amurka, shi ya zama harshen da mutumin Yap da na Marshal suka iya haɗa baki da shi su yi wa Amurkan gardama. Wannan juyin reshe da mujiya ya fi duk wani abu a tarihin ban sha'awa a wurina. Amma kayan aiki aka miƙa, masu aikin suna nan tun tuni. Baƙo raɓa ne, shekara biyu ya tafi.

Maganar gabatarwa

To, mu komo ga tambayar da muka fara da ita. Taron tsara tsarin mulki ya zauna a Saipan daga Yuli zuwa Nuwamba 1975, Nakayama yana shugabanta, har da sarakunan gargajiya a cikin wakilai. Gabatarwar da Kluge ya tsara ta yi daɗin ji ƙwarai, har yau ana yabonta. Tana magana ne a kan al'umma ɗaya da aka haɗa daga tsibirai da yawa, da teku a matsayin hanyar zumunci, da kakannin da suka ratsa ruwa cikin kwalekwale, da mutanen da suka ga yaƙi suke neman zaman lafiya.

A ganina matsayinsa a nan na magatakarda ne, ko na malamin nan mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya. Tsohuwa ta zo ta faɗi abin da ke ranta, shi ya jera kalmomi, ya ƙara gaisuwa irin ta masu ilmi, ya karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala yatsa. In wasiƙar ta jawo rigima, wa za a nema? Tsohuwar za a nema, domin ita za ta zauna da abin da aka rubuta. Haka wakilan 1975. Da sun ƙi gabatarwar da ta zama takardar shara, da suka karɓa ta zama tasu. Mu masu nazarin Hausa ba mu rasa irin wannan muhawara ba, ga Jiki Magayi nan da sunan John Tafida da na Rupert East a bangonsa, ga kuma tambayar inda hannun East ya tsaya a sauran littattafan gasar 1933.

Amma fa akwai abin da magatakarda ba ya iyawa. Yana iya rubuta "mu", ba ya iya halittarsa. Tun kafin a buɗe taron, a watan Yuni 1975, mutanen Mariyana ta Arewa sun jefa ƙuri'a sun zaɓi shiga ƙarƙashin tutar Amurka. Da aka kai tsarin mulkin gaban jama'a ranar 12 ga Yuli 1978, gunduma huɗu suka karɓa, watau Truk da Ponape da Yap da Kosrae. Marshal da Palau suka ƙi. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Marshal tana da Kwajalein, inda Amurka ke gwajin makamai masu linzami tana biyan haya, Palau kuma tana ganin sojan Amurka suna sha'awar ƙasarta da tashar ruwanta, ba wanda yake so ya raba abin da zai samu da gundumomin da ba su da abin sayarwa. Amurka kuwa ta yarda ta yi ciniki da kowa daban. Ashe ƙasar Salii kanta tana cikin waɗanda suka ƙi takardar da amininsa ya yi wa gabatarwa! Amana ɗaya ta fashe huɗu.

Kluge yana kallon wannan fashewa da baƙin ciki, ba laifi, kowa ya ga gininsa ya tsage zai ji zafi. Amma iyakar da ta tsage iyakar masu mulkin mallaka ce. Abin mamaki ba rabuwar uku ba ne, abin mamaki shi ne huɗun nan da suka zauna tare tun daga 10 ga Mayu 1979, masu harsuna daban daban, mafi ƙarancin arziki, tsakanin Yap da Kosrae tafiyar fiye da mil 1,500 a kan ruwa, kuma har yanzu suna tare.

Zaɓen tauraro

Wannan ya kawo mu ga aibin da na fi gani, watau zaɓen tauraro. Marubuci yana da ikon ya zaɓi wanda ya so, abokinsa ne kuma ya mutu. Sai dai in ka ɗora labarin mulkin kan al'umma a kan mutumin da ya ƙare da harsashi a ka, ka riga ka yanke wa labarin hukunci tun kafin ka fara. Da Nakayama aka ɗauka, ɗan wani ƙaramin tsibiri a Namonuito, uba Bajafane, uwa 'yar ƙasa, mutum mai haƙuri da sassaucin murya, wanda ya shugabanci tarayyar daga 1979 zuwa 1987 ya sauka lafiya da wa'adinsa ya cika, da wani littafi dabam aka samu. An kuwa samu, David Hanlon ya rubuta tarihinsa a 2014 da sunan Making Micronesia. Wanda ya karanta su biyun zai yi zaton ƙasa biyu ake magana a kansu.

Ko a Palau ɗin ma akwai wasu taurarin. Tsarin mulkin da mutanen Palau suka rubuta wa kansu a 1979 ya hana shigo da makaman nukiliya sai in kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda. Yarjejeniyar ƙawance da Amurka kuwa tana buƙatar jiragen ruwanta na yaƙi su wuce ba a tambaye su abin da suka ɗauko ba. Aka yi ta ƙuri'ar raba gardama tun daga 1983, kullum masu "i" su fi yawa, kullum su kasa kai kashi 75. A 1987 gwamnatin Salii ta sallami yawancin ma'aikatanta ta ce ba kuɗi, gari ya rikice, aka yi wa tsarin mulki gyaran gaggawa don a sauke ƙa'idar. Waɗanda suka kai ƙara kotu dattijai mata ne, Gabriela Ngirmang tana gaba. A al'adar Palau manyan matan dangi su ke zaɓen sarki, saboda haka ba shisshigi suka yi ba, aikinsu suka yi. Aka tsorata su, aka harbe mahaifin wani lauya daga cikin masu adawa da yarjejeniyar, suka janye ƙarar. Ngirmang ta tafi har Washinton ta ba da shaida gaban 'yan majalisa, suka sake shigar da ƙara, a 1988 kotu ta ba su gaskiya. Kluge bai ɓoye rikicin ba, amma ta wajen Salii yake hangensa, mutumin da ya ga ƙawancen da ya yi shekara ashirin yana ginawa ya maƙale. In aka tsaya ta wajen matan nan, abin da za a gani shi ne ƙasar da mutanenta ba su kai 20,000 ba ta hana Amurka abin da take so shekara goma cur, da takardar da ita ta rubuta wa kanta. Sai a ƙuri'a ta takwas, a 1993, bayan an gyara tsarin mulki ta hanyar da doka ta yarda, yarjejeniyar ta wuce, Palau ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1994. Wannan kam ba za a zargi littafin 1991 da rashin saninsa ba.

Saura kalmar Aljanna. Kluge da ba'a yake amfani da ita, ya san talla ce. Duk da haka ita ce mudun da littafin ke awo da shi, kuma ba mutumin Ponape ne ya ƙera wannan mudu ba. Shi bai taɓa cewa a Aljanna yake ba, a gida yake, inda ake ciwo, ake rigimar fili, ake neman kuɗin makaranta. Gwangwanin giya a bakin teku ɓacin Aljanna ne ga wanda aka yi wa alkawarinta, ga mai gida kuwa shara ce da ke jiran a kwashe. Epeli Hau'ofa, masanin nan ɗan asalin Tonga, ya yi wannan gardama a wata maƙala a 1993, inda ya nuna cewa ganin tsibiran a matsayin 'yan ɗigo marasa ƙarfi gani ne na wanda ya hango su daga babbar ƙasa. 'Yan gida ma ba shiru suka yi ba. Carl Heine, mutumin Marshal, ya wallafa Micronesia at the Crossroads tun 1974, shekara 17 kafin na Kluge. Emelihter Kihleng ta Pohnpei ta fitar da waƙoƙinta a 2008, Kathy Jetnil-Kijiner ta Marshal kuma a 2017.

Ba zan ce tsoron da Kluge ya ji ba shi da tushe ba. Yarjejeniyar ƙawance ta fara aiki a Marshal da tarayyar a 1986, an sabunta ta a 2003, an sake sabuntawa a 2024 da alkawarin wajen dala biliyan bakwai cikin shekara ashirin ga ƙasashen uku, kuma wanda ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiransa. Tsaro yana hannun Amurka, dubban 'yan tsibiran kuma sun ƙaura Guam da Hawai da cikin Amurka, tun da ba sa buƙatar biza. Peace Corps ta rufe aikinta a tarayyar a 2018. Samarin tsibiran su ne suka shiga ƙetare teku suna sa kai a sojan Amurka, wasu sun mutu a Iraƙi da Afganistan. A kan haka Nathan Fitch ya yi wani fim a 2017 mai suna Island Soldier, game da wani iyali a Kosrae da aka kawo musu gawar ɗansu daga Afganistan. Shi ma Fitch tsohon ɗan sa kai ne a wannan tsibiri, shi ya riƙe kyamara, amma uwar sojan ce take magana da bakinta.